Alkyabbar da Aka Saya wa Hamza

Ba zan taɓa mantawa da walimar Hamza ba, duk da cewa na daɗe ina roƙon Allah ya mantar da ni. Sai dai kafin in shiga labarin, gara in faɗi gaskiya: abin ya kwana biyu, kuma na lura zuciyar mutum takan gyara masa labarin da bai yi masa daɗi ba. Mai yiwuwa na sa maganar wani a bakin wani. Shekarar ma ba zan rantse a kanta ba. Ko dai ƙarshen shekarun saba'in ne ko farkon na tamanin, lokacin dai da talabijin mai kala ya fara shiga gidajen unguwarmu ta Sih a nan Madina. Kunyar ce kawai ba na shakka a kanta. Ita kam tana nan yadda na baro ta.

A lokacin dawowata ke nan daga jami'a a Riyad, da digirina na nazarin zamantakewa. Mu Takari ne, jikokin alhazan da suka taso daga ƙasar Hausa suka zauna, kuma a zamanin masu digiri a cikinmu ba su da yawa. Saboda haka tun kafin in koya wa kowa ko baƙi ɗaya, tsofaffin unguwa suka laƙaba mini Ustaz. Ina zaune ina jiran a tura ni aiki, kuma raɗe-raɗin da ke zuwa shi ne Khaibar za a kai ni koyarwa. Ba na raina Khaibar, garin dabino ne mai albarka. Amma mahaifiyata ba ta da ƙoshin lafiya, ni kuma mutum ne da ko gado aka canja masa sai ya kwana yana juyi. Ina son zama a Madina, so na gaske.

Kawu Sale, yayan mahaifiyata, mai shagon dardumai kusa da Harami, shi ya gano mafita. Ya ji cewa kulob ɗin ƙwallon garinmu na neman wanda zai riƙa rubuta musu labari ga jaridu yana kuma tarbar baƙi. In shugaban kulob ɗin, wani attajiri da ake kira Abu Faisal, ya ɗauke ni, magana ɗaya zai yi a ofis a bar ni a gida.

A shekarun nan Madina ta haukace a kan ƙwallon kwando, kuma tauraron kulob ɗin namu ne: Hamza ɗan Baba Usman. Wasan ne sana'arsa, kulob ke ciyar da shi. Iyayensa sun taso daga Badar suka dawo Madina ina can Riyad, don haka ban taɓa ganinsa ba. Filin wasan ma ban taɓa shiga ba (hayaniya na sa mini ciwon kai, kuma ina tsoron ƙwallo ta fasa mini tabarau). A rediyo na san shi, da bakin samarin unguwa.

Wannan bai hana ni zama babban mai kare haƙƙinsa ba. Akwai abin da ke ci mini rai, kuma har yau ina ganin ina da gaskiya, ko da rabi ne. Hamza zai zuba ƙwallaye har a ci wasa, washegari jarida ta fito da hoton kyaftin, wani farin yaro mai gashi kwance. 'Yan kallo in wasa ya yi zafi sai su dinga ihu, "A ba Takruni! A ba Takruni!" wato a ba ɗan Takari, alhali baƙaƙe uku ne a cikin fili, kowa da sunan da ubansa ya yanka masa rago. Waɗanda suka ɗauke shi a kafaɗa ranar Alhamis, in suka gamu da shi a kasuwa ranar Asabar sai su miƙa masa kwalin lemo ya kai musu mota. Har takarda na rubuta a jami'a a kan wannan, malamin ya ba ni maki mai kyau. Duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da ni a wurin shan shayi sai ya ji ta daga farko har ƙarshe.

To, sai kulob ya doke wani kulob na Jidda, gari ya ɗauka. Kawu ya kira ni shago.

"Walima zan yi wa yaron nan a hoshina," in ji shi (hoshi shi ne filin tsakar gida). "Zan gayyato Abu Faisal. Kai za ka yi jawabi, da Larabcin nan naku na littafi, ka kuma yafa masa mishlah a gaban kowa. In mutumin nan ya ji bakinka, halas, an gama."

"Kawu, ina ganin, wataƙila, da an ɗan ba ni lokaci…"

"Lokacin me? Shekara nawa kana cika mana kunne a kan abin nan? Je ka sayo mishlah."

Mishlah ita ce alkyabbar nan ta Larabawa mai bakin zinare. Na je wurin mai sayarwa na ce ya ba ni mafi tsayi a shagonsa. Ya tambaye ni ko na san tsayin mai ita. Na yi murmushi irin na masu digiri na ce, "Ɗan ƙwallon kwando ne." Ya shiga ciki ya zaro wata baƙa wadda ina jin tun da aka ɗinka ta ba a samu mai tsayinta ba. Na kuma ƙara da dabarar kaina, wadda ba wanda ya sa ni: na sayi sabuwar ƙwallo, na ɗauko mai hoto daga situdiyo.

Ranar walima, bayan la'asar, hoshin Kawu ya cika. An shimfiɗa dardumai (na shago ne, washegari za su koma), turaren wuta na tashi, dattawa sun jeru jikin bango, samari sun taru a baya. Abu Faisal ya zo da mutanensa aka zaunar da shi a sama. A nan ne na lura da wani abu da ban yi tunaninsa ba ko sau ɗaya a duk shirye-shiryena. Kowa farar riga ce a jikinsa, kowa da gutura, ƙyallen nan na Larabawa, a ka. Babu mai lamba a baya.

Ban firgita ba, don ni mutum ne mai bin ƙa'ida. Na ce wa zan tambaya in ba uban yaro ba? Na je na durƙusa gaban Baba Usman, wani dattijo siriri mai jan carbi, muka gaisa. Sannan na rage murya.

"Baba, don Allah wanne ne Hamza?"

Ya kawar da kai ya dubi bango, kamar na yi ashar a masallaci. Abin da na manta, ni mai digirin zamantakewa, shi ne Hamza ɗan fari ne, kuma Baba Usman irin mutanen da ne. Zuriyarsu ta kwana a Hijaz ta tashi, amma kunyar ɗan fari tana nan a gidansu yadda kakanni suka zo da ita. Bai taɓa kiran sunan yaron ba, bai taɓa zuwa kallon wasansa ba, zuwa walimar ma da ƙyar Kawu ya janyo shi.

"Wannan yaron?" ya ce da bango. "Yana nan." Ya ɗan tura haɓa wajen ƙofa, bai ko waiga ba.

Na duba ƙofa. Mutum biyu ne a tsaye. Ɗaya matsakaici ne, bai fi ni tsayi ba, wankan tarwaɗa, yana riƙe da dalla, wato butar gahawa, yana zuba wa baƙi. Ɗayan kuwa, subhanallahi, gab yake da ya taɓo saman ƙofa, baƙi wuluk, kafaɗu kamar ƙyauren gida, rigarsa ko ƙwauri ba ta gama rufe masa ba.

Ina so in ce na yi jinkiri. Ban yi ba.

"Ahlan wa sahlan da gwarzonmu!" Na kamo hannunsa da hannu biyu. "Kai da ake yi dominka, kake tsaye a bakin ƙofa?"

"Malam, ni shinkafa na kawo," ya ce. "Tire nake jira."

Da Hausar Damagaram ya faɗa, tsantsarta, babu ɗigon Larabci. Wannan kaɗai ya isa ya farkar da ni, don 'ya'yan da aka haifa a nan in ka yi musu Hausa da Larabci suke amsa maka. Amma sai na ce a raina, kai, ga tarbiyya, yaro ya riƙe harshen kakanni. Maganar shinkafa kuma na ce tawali'u ne, tauraro guda har da ɗaukar abincin walimarsa. Akwai 'yar furfura a gemunsa. Na ce wahalar wasa ce.

Na janyo shi, yana turjewa a hankali, na zaunar da shi a gefen Abu Faisal. Sannan na juya ga mai dalla.

"Kai ɗan'uwa, ka tsaya kana kallo? Zuba wa gwarzo gahawa mana."

Ya dube ni, ya dubi inda Baba Usman yake zaune, ya sunkuyar da kai. "Abshir, ya Ustaz," ya ce, wato an gama. Ya zuba, ya miƙa da ladabi.

Daga baya na yi ta tambayar kaina yadda aka yi taron mutane suka zuba mini ido ba wanda ya ce uffan. Da na bi diddigi, kowa da dalilinsa. Kawu Sale shi ma bai san Hamza ba, ya dogara da ni ne. Dattawa ba ruwansu da ƙwallo, sun ga dogo sun gamsu. Baba Usman ya fi son ƙasa ta tsage da ya buɗe baki ya ce wancan ne ɗana. Hamza ba zai gyara wa na gaba da shi magana a gaban ubansa ba. Samari na tsoron Kawu. Shi kuwa Abu Faisal, wanda ya san ɗan wasansa sarai, ya ɗauka wata al'ada ce ta Takari, sai an fara karrama baffan yaro kafin a zo kan yaro, kuma ba ya son ya nuna jahilci a gidan mutane. Kowa na ganin girman kowa, ni kuma na miƙe na gyara murya.

Jawabin ya yi kyau. Wannan kam ba zan ɓoye ba. Na fara da Larabci, ina juyawa zuwa Hausa saboda dattawa. Na kawo tarihin kakanninmu da suka tako da ƙafa. Na zo kan jaridu na yi musu kaca-kaca. Na zo kan 'yan kallo.

"Har yaushe," na ce, ina ɗaga yatsa, "za a riƙa kallon baƙin mutum ba a ganin fuskarsa? A wurinsu duk ɗaya muke! Tsayi suke gani da launi, shi ke nan! Wanda ya zuba musu ƙwallo jiya, yau in ya tsaya a gabansu sai su aike shi!"

A daidai nan na lura mai dalla ya tare wa mai hoto. Na tsaya na ce masa, "Ɗan matsa gefe, don Allah." Ya matsa.

Can baya na hango samari sun cusa gefen gutura a baki, kafaɗunsu na rawa, wasu har da hawaye. Na ce a raina magana ta shige su. Sai na ƙara wuta.

"Ku dubi wannan fuska!" Na nuna dogon, wanda ya yi tsuru yana zare ido da finjali a hannu. "Ku dube ta da kyau! Ku haddace ta! Daga yau kada wani ya sake haɗa ta da ta wani!"

Na warware alkyabba na ce ya miƙe. Ya ce, "Malam, wallahi…" Na ce, "Mun san halinka, ba ka son yabo." Sai da na hau kan matashi kafin na kai kafaɗarsa. Ta zauna masa ɗas, kamar a jikinsa aka yanka ta, abin da ya ƙara tabbatar mini da basirata. Na jawo kansa na sumbaci goshinsa. Mai hoto ya haska. Abu Faisal ya tafa a hankali, dattawa suka ce masha Allah.

Da a nan na tsaya, wa ya sani, da wataƙila an ci shinkafa an watse, a gyara abin a ɓoye. Amma akwai ƙwallo.

"Yanzu," na ce, "gwarzonmu zai nuna wa iyayenmu kaɗan daga baiwar da Allah ya yi masa."

Na ɗora masa ita a hannu. Ya rungume ta a ƙirji, ya juya ta, ya ɗan ƙwanƙwasa ta da yatsa yadda ake gwada kankana.

"Me zan yi da ita?"

"Abin da ka saba!"

Ya dube ni irin kallon wanda ya gaji da gardama. Ya ɗaga ta da hannu biyu ya wurga sama. Ta bugi igiyar fitila, ta karkace, ta nufo kaskon turaren wuta da ke gaban Abu Faisal. Na rufe ido.

Ban ji ƙarar komai ba. Da na buɗe, mai dalla ne a tsaye a wurin. Dalla na hannunsa na hagu, ko ɗigo bai zube ba, ƙwallo kuma tana bisa yatsan damansa tana juyawa. Ba na jin da niyya ya yi. Hannun ne ya yi abin da ya saba kafin mai shi ya tuna a gaban wa yake. Samarin da suka daɗe suna haɗiye dariya suka fashe gaba ɗaya, suna buga ƙafa: "Hamza! Hamza! Hamza!"

Ba dogon suke kallo ba.

Ban san iya lokacin da na ɗauka a tsaye a kan matashin nan ba. Na dai san na ji zufa na bin bayana har cikin wando.

Abu Faisal ya sunkuyo da fara'a. "Ya Ustaz, jawabi mai kyau, wallahi. Baffan nasa ma ya cancanta. To yanzu yaushe za a zo kan ɗan wasanmu?"

"Ba baffansa ba ne," wani ya faɗa daga baya. "Maman ne, na gidan abinci!"

Kawu Sale ya juyo gare ni a hankali. "Kai. Wa ka yafa wa alkyabbata?"

"Na ce masa shinkafa na kawo," in ji Maman. "Na faɗa, na sake faɗa. Ya ce ba na son yabo ne."

Ni kuma, maimakon in yi shiru, sai ilimi ya motsa. Na ce, "A wata fuskar, in aka duba, za a iya cewa Malam Maman yana wakiltar dukkan baƙaƙen da ba a san…"

"Sauko daga kan matashina," in ji Kawu.

Aka cire alkyabba daga jikin Maman aka yafa wa Hamza, don a rufa asiri. Nan ma asirin bai rufu ba. Ta sauka har ƙasa ta yi saura, tana jan turɓaya a bayansa, hannuwansa sun ɓace a ciki. Samari suka sake faɗuwa. Hamza ya cire ta a hankali, ya ninke, ya mayar wa Maman. Sannan ya dube ni, ba tare da fushi ba (da ma ya yi fushin, da ya fi mini sauƙi), ya haɗa 'yar Hausarsa da ƙyar:

"Khalli, ya Ustaz. A bar masa. Shi ka auna."

Duk wannan abin Baba Usman bai daina kallon bango ba. Amma na ga carbin na rawa a hannunsa, kuma ba na jin tasbihi ne.

Da za a watse, Abu Faisal ya riƙe hannuna ya ce in sha Allahu za su neme ni. Duk wanda ya zauna a Hijaz ya san irin wannan in sha Allahun. Abin da ya ƙarasa ni shi ne mai hoto. Ba wanda ya tuna ya yi masa bayani, shi kuma ya kai hotonsa wata jarida. Bayan 'yan kwanaki ya fito: ga Maman cikin alkyabba, ga ni a kan matashi na manna baki a goshinsa, a ƙasa an rubuta sunan Hamza. An ce mini Maman ya daɗe yana shan gaisuwa a kasuwa, ana ce masa kyaftin, masu shayi ba sa karɓar kuɗinsa. Da farko yana musu, daga baya ya gaji ya riƙa ɗaga hannu.

Takardata ta fito, Khaibar. Mahaifiyata ta koma gidan Kawu, ni kuma na ɗaure akwati. Ranar da na isa makarantar, shugabanta ya karɓi takarduna, bai ko buɗe ba. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Daga Madina? Takruni? Alhamdu lillahi! Mun daɗe muna neman mai koya wa yara ƙwallon kwando. Ku ai a jininku take."

Ya buɗe aljihun tebur ya miƙo mini usur. Na ji jawabin nan ya taso mini tun daga ciki, da shimfiɗarsa da hujjojinsa, har ya iso maƙogwaro. Na haɗiye shi. Na karɓi usur, na ɗaure tabarau da zare, na shiga rana.

In akwai darasi a nan (ban tabbata ni ne ya dace in fitar da shi ba), ina ganin shi ne: kafin mutum ya hau matashi ya kare haƙƙin wani, ya daure ya je ya ga mutumin ko sau ɗaya. In kuma dole sai ya yi tambaya, kada ya tambayi Bahaushe ɗansa na fari. Ya tambayi maƙwabci.

Wannan shi ne abin kamar yadda nake tunawa, kuma na san waɗanda suka ci shinkafar nan da yawansu suna raye. Duk wanda ya ga na ƙara ko na rage, don Allah ya aiko mini da gyara, zan karɓa da godiya. Musamman a kan abu ɗaya: 'ya'yan Kawu sun dage cewa a tsakiyar jawabin har kuka na yi. Ni ban tuna da haka ba. Wanda zai iya shaida cewa ban yi ba, ya taimaka ya aiko da wuri. Wanda kuma ya ga hawayen da idonsa, ba sai ya wahalar da kansa ba.